Ina Za a Ajiye Agogo?

Ƙarfe biyun dare a Yantala.
Wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Na rufe layi na ɗari uku da sha ɗaya,
na gama rubuta direba
don wani ɗan cif da bai kai ƙwayar wake ba.
Aikinsa guda ne: ya riƙe lokaci
ko an kashe na'ura,
ko an manta da ita a ƙarƙashin tebur.

Cikin cibiyar manhaja na nemo masa ɗaki,
na kai shi sashen sa ido,
inda masu auna zafi suke kwana,
da mai ƙirga juyin fanka,
da mai ɗanɗana ƙarfin wuta.
Na ce ai hanyarsu ɗaya,
waya biyu ce ke kawo su duka,
kuma ƙofar nan kaɗai na tarar a buɗe.

Da safe Cima ta karanta.
Ita ce babbarmu, ba ta gaggawa.
Ta ajiye kofin shayi ta ce:
Mu ma mota ɗaya ke kawo mu daga Harobanda,
ni da mai sayar da kifi,
ka taɓa ganin ya kwana gidanmu?
Ɗakin nan na masu jin ciwo ne.
Su kan ce an yi zafi, su kan ce wuta ta faɗi.
Naka me yake ji?
Ko allon ya ƙone ƙurmus
zai ce ƙarfe huɗu da kwata.

Na ji haushi, na fita.
Rana ta Afrilu tana dafa kwalta.

Sai na tuna Inna Zaliya
a ɗan asibitinta na Tawa,
yatsa biyu a kan jijiyar maras lafiya,
ido a kan agogon da ta maƙala a riga.
In babu shi, bugun zuciya hayaniya ce kawai.
Na dawo da gudu da wannan hujja
kamar yaro ya tsinci dala.

Cima ta yi dariya.
To, in an tashi aiki, a ina take sa shi?
Cikin kwanon ma'aunin zafi?

Na yi shiru.
Gida take tafiya da shi.
Da shi take sanin azahar,
da shi take dafa ƙwai.
Na kowa ne, shi ya sa ba na ɗaki guda ba ne.

Amma ban ba da kai duka ba.
Na buɗe takardar cif ɗin, shafi na goma sha tara:
a cikin cikinsa akwai ɗan ma'aunin zafi,
domin dutsen da ke kaɗawa
sau dubu talatin da biyu da ɗoriya a daƙiƙa
shi ma zafin Yamai na sa shi tuntuɓe.
Agogon ma yana jin jikinsa, Cima.

Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, to, ya leƙo ta taga ya faɗi zafinsa,
amma tabarmarsa ba a nan ba.
In ka bar shi yau, gobe mai ƙararrawa zai zo,
jibi mai kalanda da iyalansa,
wanda zai gaje mu ya rasa inda zai taka.

Da la'asar na kwashe kayansa.
Layi arba'in kawai na canja.
Na kai shi ɗakin masu lokaci,
na bar masa ƴar taga.

Wuta ta sake ɗaukewa kafin magariba.
Duk masu sa ido suka makance.
Shi kaɗai, a kan batir kamar maɓallin riga,
yana ta ƙirga a cikin duhu,
bai san an yi gardama a kansa ba.